Gaisuwar Da Na Bari A Bakin Titin Cheras

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincinSa su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna Kuala Lumpur, Dakta Abdulbaƙi; malamanmu masu daraja da ke sahun gaba; iyayenmu mata, waɗanda tun hantsi suke kan tukwane domin mu ci mu ƙoshi; babban baƙonmu Pak Cik Rosli na Kampung Baru, wanda ba ya jin Hausa ko ta neman ruwan sha, amma tun ɗazu yake gyaɗa kai kamar shi ya rubuta mana jawaban; 'yan uwana ɗalibai da muka kammala bana, da waɗanda har yanzu ake cewa su koma su gyara babi na uku, Allah Ya fid da ku; yaranmu da ke guje-guje a can baya suna amsa wa iyayensu da Turanci; sannan uwata, uwarmu gaba ɗaya, Hajiya Hureira, wadda duk Cheras ke kira Gwaggo, ga ta can ta kau da kai tana kallon fanka: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Ramatu, 'yar Ƙofar Ruwa ce ni a Kano, 'yar bakanike kuma jikar bakanike. Shekara huɗu na yi a ƙasar nan ina karatun digiri na uku a kan injuna. An ɗora mini nauyin yin godiya a madadin mu tara da aka shirya wa wannan walima, kuma zan yi. Mun gode wa Allah da Ya kawo mu, Ya tsare mu, Ya nuna mana ƙarshen abin da muka zo nema. Mun gode wa iyayenmu da suka sake mu muka taho, da waɗanda suka ɗauki nauyin karatunmu. Mun gode wa mutanen ƙasar nan da suka yi haƙuri da ƙarar muryarmu a cikin jirgin ƙasa. Mun gode muku, ku da kuka tarbe mu a filin jirgi, kuka nuna mana inda ake samun daddawa da kuka, kuka koya mana cewa tapau in muna son a ƙulle mana abinci mu tafi da shi.

Mai girma shugaba, minti goma ka ba ni, godiya ta ci uku. Sauran bakwai ɗin ina roƙon ka bar mini su, domin ina da wata matsala tawa ta kaina, kuma ba ni da wani wurin kai ta sai nan. Ranar Alhamis jirgina zai tashi zuwa gida. Yau kwana ashirin da biyu ke nan Gwaggo ba ta amsa gaisuwata ba. Ni kuwa ba na so in taka matakalar jirgi da fushinta a kaina, kuma in na tafi ban san ranar da zan sake ganinta ba. Magana huɗu zan yi, in Allah Ya so in bi su a jere.

Ta farko, wace ce Gwaggo a wurina. Kun sani ta zo ƙasar nan shekara goma sha ɗaya da suka wuce domin jegon surukarta, matar shugaban taronmu, da niyyar yin kwana arba'in. Arba'in ɗin ce har yau ba ta cika ba. Babu ɗalibin da ya sauka a Cheras bai ci tuwonta ba, babu kuma wanda ya ci tuwonta bai sha faɗanta ba. A shekarata ta farko zazzaɓin dengi ya kayar da ni, ina ɗaki ni kaɗai, ban iya ko miƙa hannu in ɗauki waya ba. Gwaggo ce ta lura kwana biyu ban zo gaishe ta ba. Ita ta sa aka buɗe ƙofa, ita ta zauna a gefen gadona a asibiti har kwana shida, tana yi wa ma'aikatan jinya faɗa da Hausa suna amsa mata da girmamawa ba tare da sun fahimci ko kalma ɗaya ba. Da aka sallame ni, ɗakinta ta kai ni, na yi wata guda ina shan kunun gyaɗa. Ku riƙe wannan a ranku, domin duk abin da zan faɗa nan gaba a kansa za ku auna shi.

Ta biyu, motar. Wayyo jama'a, motar! Ku yi mini afuwa in na ɗaga murya, ba ni ba ce, abin ne ke taso mini.

Wata Asabar na je Kampung Baru cin shinkafar kwakwa a wata rumfa, sai na ji wani inji yana tari a bayan wani gidan katako. Wanda ya tashi a Ƙofar Ruwa ba ya iya jin inji na wahala ya ci gaba da cin abinci. Na ajiye cokali, na bi ƙarar nan da hijabina har ƙasa, na tarar da wannan dattijo da kuke gani ya sunkuya a kan wata aba koriya shar, doguwa, mai sheƙi, wadda tsayinta daga ƙasa bai kai gwiwata ba. Na yi sallama na ce masa, “Pak Cik, kafiretonka na baya ba ya samun mai.” Pak Cik shi ne yadda suke kiran dattijo, kamar mu ce Kawu. Ya ɗago ya dube ni daga sama har ƙasa, ya sake dubana daga ƙasa har sama, sai ya miƙo mini sukundireba. Daga ranar duk Asabar ɗina ta zama tasa har shekara biyu.

Motar nan kwaikwayo ce ta wata motar tsere da ya gani da idonsa yana yaro, a shekarun alif ɗari tara da sittin, kuma tun ranar ba ta bar masa zuciya ba. Shekara goma sha huɗu ya yi yana ƙera ta da hannunsa, yana bugun ƙarfe da guduma a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, dogayen benayen birnin nan suna leƙo shi ta sama. Ba ta da rufi. Ba ta da ƙofa, tsallakawa ake yi a faɗa ciki. Ba rediyo, ba na'urar sanyi, kujera biyu ce tak, kuma in ka zauna kana iya miƙa hannu ka shafa kwalta. Sitiyarinta sai da ƙarfin damtse, kamar juya tuwon gidan biki. Amma tana da lamba, tana da takardu, an duba ta an yarje mata hawa titi kamar kowace mota, kuma in ta yi gurnani, kajin unguwar gaba ɗaya sai sun nemi mafaka.

Duk shekara masu irin waɗannan tsofaffin motoci sukan fito su yi jerin gwano daga cikin birni zuwa tudun Hulu Langat, ta hanyar Cheras. Bana ce shekarar farko da motar Pak Cik ta shirya, kuma bana ce shekarar da gwiwarsa ta hagu ta ƙi, likita ya ce ba shi ba taka kuloci. Ya zauna a kan wani tsohon batir, sannan ya jefo mini makulli ya ce, “Awak bawa, lah.” Wato ke za ki ja. Jama'a, na yi ta tsalle a garejin nan kamar yarinyar da aka yi wa ɗinkin Sallah, ni da ake shirin kira Dakta.

Ta uku, ranar. A nan ne laifina yake, don haka ku saurara da kyau.

Da bakina na je na gaya wa Gwaggo. Na ce, “Gwaggo, ranar Lahadi da ƙarfe takwas da rabi na safe ki fito bakin babban titi, wurin tsayawar bas da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Zan zo wucewa, zan tsaya in gaishe ki, ki ga 'yarki a motar tsere.” Ta ce, “Ke dai ba kya gajiya da neman magana.” Amma na ga ta yi murmushi.

Ashe Gwaggo ta ɗauki abin da girma. Ta fito da leshinta na babbar Sallah. Ta soya ƙosai ta zuba a kula. Ta sauko daga bene na goma sha huɗu, ta hau gadar tsallaka titi mai matakala arba'in da ƙafafun nan nata da kuka sani, tana hawa tana hutawa. Kuma ba ita kaɗai ta zo ba. Ta gayyato maƙwabciyarta 'yar ƙasar nan, ta gayyato 'yar Sin ɗin da ke ajiye mata yakuwa a kasuwa, ta gayyato matan hawan benensu, duka-duka su bakwai. Malayancin Gwaggo duka bai wuce kalma goma ba, amma an gaya mini ranar ta kashe biyu a kaina, tana nuna titi tana cewa anak saya, wato 'yata.

Ni kuwa a lokacin ina wata duniya. Mota arba'in muka taso, masu rakiya a kan babura suna tare mana mahaɗar hanyoyi. Na ɗora hular kwano a kan hijabi, na cusa bakin hijabin a ƙarƙashin bel don kada taya ta kama, na sa wani tabarau mai kama da na masu walda. Pak Cik na gefena da sandarsa a tsakanin ƙafafu. Da na taka totur, jama'a, ba da kunne na ji ƙarar ba, ta ƙashin bayana ta shigo ta fita ta tsakar kaina! Tayar bas ta fi ni tsawo. Wani direban babbar mota ya leƙo ƙasa ya gan ni, ya saki baki har sai da na ji tsoron kada ya saki sitiyari. Masu shan shayi a shagunan bakin titi da ake kira mamak suka miƙe da kofuna a hannu suna ɗaukar hoto. Iska tana marina, rana tana fitowa ta tsakanin benaye, kwalta tana gudu a gefen gwiwar hannuna. Kuma kada wani ya je gida ya ce Ramatu ta yi tseren ganganci a titin mutane, wallahi ban wuce saba'in ba. Amma saba'in a cikin wannan motar, kana zaune tazarar taƙi ɗaya daga ƙasa, ta fi ɗari biyu a cikin motocinku masu gilashi da sanyi. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Ni kaɗai, a tsakiyar Kuala Lumpur, guɗa har uku, Pak Cik yana dariya yana buga sanda a ƙasan mota.

Muka iso Cheras. Muka iso gadar. Ga Gwaggo a tsaye da kula a hannu, ga matanta bakwai a bayanta.

Na wuce.

Ban rage gudu ba, ban danna oda ba, ko hannu ban ɗaga ba. Kuma an ce ta daɗe a tsaye tana kallon hanya, tana cewa matan su jira, zan juyo. Mota ta arba'in ta wuce, masu babura suka wuce, ta sake hawa matakala arba'in ɗin nan da ƙosanta.

Ta huɗu, uzurin da na kawo. Washegari na aiki ƙawata Murja, ga ta nan zaune tana sunkuyar da kai. Na ce ta gaya wa Gwaggo cewa motar tsere ba kamar sauran motoci ba ce: fankarta ƙarama ce, iskar gudu ce ke sanyaya ruwan lagireto, in ta tsaya da zafinta sai ta mutu, in ta mutu kuwa makulli ba ya ta da ita sai an tura. Murja ta je ta dawo ta ce Gwaggo ba ta tanka ba. Na sake aikenta, wannan karon har da zane. Ni da hannuna na zana lagireto a takarda, na sa kibiyoyi masu nuna inda iska ke shiga da inda take fita, irin zanen da na ci jarrabawa da shi. Gwaggo ta karɓa, ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta miƙa wa Murja ta ce, “Ki ce mata na ga haƙoranta.”

Kuna dariya. Ni ma da na ji na so in yi, amma na san abin ba na dariya ba ne. Na tashi na je da kaina. Ta buɗe mini ƙofa, na durƙusa na ce ina wuni, ta juya ta shiga kicin. Ta zubo mini tuwo da miyar kuka, har da man shanu, ta ajiye a gabana, ta koma ta zauna tana jan carbi. Sau biyar ina zuwa, sau biyar ina cin tuwo, ko sau ɗaya ba ta amsa ba. Da ta hana ni abincin ma da ya fi mini sauƙi.

Mai girma shugaba, a takardar nan da ke hannuna maganata ta ƙare a ta huɗu. Abin da ya rage ban rubuta shi ba, domin kunyarsa ta hana ni.

Duk abin da na faɗa game da lagireto gaskiya ne, amma ba shi ya hana ni tsayawa ba. Allurar da ke nuna zafin inji tana tsakiya daidai, na dube ta da idona. Pak Cik ya hango matan tun kafin mu iso, ya taɓa kafaɗata, ya nuna mini wurin tsayawar bas yana cewa, “Boleh, boleh,” wato za ki iya tsayawa. Akwai masu babura biyu a bayanmu waɗanda aikinsu ke nan, in mota ta mutu su tura. Pak Cik, betul? Haka aka yi? Kun ga ya gyaɗa kai. Na san tun ɗazu yake gyaɗawa, amma wannan karon ya san abin da ake tambayarsa.

Abin da ya faru shi ne, daf da gadar nan titi ya miƙe ya buɗe, kuma a nan ne karo na farko tun da aka ƙera motar ta shiga giya ta huɗu. Muryar injin ta sauya. Tari ya tafi, gurnani ya tafi, ta koma wani sauti siriri mai tsabta wanda shekara biyu nake nema da sukundireba ban same shi ba sai a wannan daƙiƙar. Na hango ki, Gwaggo. Tun daga nesa na gane leshin. Ina da lokacin da zan ɗage ƙafata in taka birki, kuma na san ina da shi. Sai na ce a raina: ai Gwaggo ce, za ta yi haƙuri.

Wannan shi ne laifin, ba wani ba. Da malamin da ke duba karatuna ne a tsaye a wurin, da na taka birki har taya ta yi hayaƙi. Da wani jami'i ne daga ofishin jakadanci, da na tsaya na cire hular kwano na rusuna. Amma da yake wadda ta kwana shida a gefen gadona ce, sai na ga ita ce za a iya wucewa. Sannan na zo na ƙara da abin da ya fi muni, na yi sati uku ina turo miki zanen lagireto, kamar ke ce ba ki gane ba, alhali kin gane tun kafin ƙurar motar ta kwanta. Haƙoran da kika gani nawa ne, dariya nake yi, kuma daɗi nake ji. Ba zan tsaya a gaban jama'a in ce ban ji daɗi ba, domin ƙarya ta ishe ni haka. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba a rayuwata, kuma na saye shi da kunyar da na ba ki a gaban maƙwabtanki.

'Yan uwana ɗalibai, mu tara da za mu koma gida da sabbin laƙabai a gaban sunayenmu, ba ni da wata nasiha da zan yi muku, ni da ke neman a yafe mini. Ku dai kun ji abin da na yi.

Murja, zo ki riƙe mini takardar nan. Mai kula da lasifika, ka sakar mini waya, zan sauko. Ku ɗan buɗa mini hanya, don Allah. A bakin titi na ba ta kunya a gaban mutum bakwai, to a gaban mutum ɗari biyu zan durƙusa.

Gwaggo, barka da yamma. Ina wuni? Ya gida, ya ƙafa? Na yi miki laifi ina sane, na kuma yi miki ƙarya a kansa. Don girman Allah ki yafe mini.

Ku yi shiru, jama'a. A kama yaran nan. Ba sauri nake ba, ko zuwa magariba ne ina nan a durƙushe.

Na'am, Gwaggo?

Ta yi magana! Ku na baya ba ku ji ba, bari in faɗa muku. Ta ce, “Sai yanzu kika tsaya.” Sannan ta ce, “Lafiya lau, Ramatu. Ya gajiya?”

Ba gajiya, Gwaggo. Wallahi ba gajiya.

Mai girma shugaba, ba zan koma kan dandamali ba, daga nan ƙasa zan rufe. Allah Ya saka wa wannan taro da alheri. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, Ya ba mu ikon kyautata musu tun suna ganinmu. Allah Ya ba Pak Cik Rosli lafiyar gwiwa, Ya zaunar da ƙasarsa da tamu lafiya. Masu tafiya Allah Ya kai mu gida cikin aminci, masu zama Allah Ya sa ku gama da hannun dama, Ya kuma sake tara fuskokinmu cikin alheri.

Na gode, na gode ƙwarai.